Sabulun da Na Raina

Tukunyar ce ta fara ɗaukar zafi, alhali ban hura wuta a ƙarƙashinta ba. Na taɓa gefenta da bayan yatsa na janye da sauri. Ina tsugune a bayan rumbunmu, inda ba mai hango ni daga tsakar gida, hantsi ya ɗaga sosai, Inna ta tafi famfo tun da safe tana bin layin ruwa. Na juye farin garin nan na yin sabulu da ake kira soda a tukunyar dalma ta Inna, na kwarara masa ruwa, sai na ji yana wani irin huci kamar an jefa garwashi a cikin kwata. Cikin tukunyar da yake fari tas ya soma rikiɗewa yana baƙi. Wani wari ya taso ya kama mini maƙogwaro. Zuciyata ta ce in tashi in bar wurin. Ban tashi ba. Na sunkuya in ga abin da ke faruwa, na sa muciya na juya da ƙarfi, ruwan ya yi tsalle ya same ni a idon hagu.

Har yanzu abin bai sake ni ba, rubutun nan ma sai na riƙa ajiye alƙalamin ina hutawa. Amma na lura ba zafin sodar ne yake hana ni sukuni ba. Hanyar da ta kai ni bayan rumbun nan ita ce take damuna, kuma hanyar ta faro tun ina ƙarama.

Lokacin da muke yara, a ƙauyenmu da ke gefen Tanout, ba mu san sabulu abin saye ne ba sai da Salla ko in za a yi baƙi. Sabulun gidanmu Kaka ce take yin sa, mahaifiyar Babanmu. In an gama girbi an kai gero rumbu, sai ta kore mu gona mu kwaso kara. Ta share wuri fes, ta tara karan ta cinna masa wuta, ta tsaya a kansa da sanda har ya zama toka mai laushi, ba gawayi ba yashi. Tana da wata tukunyar ƙasa da aka huhhuda gindinta. Ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ciki, ta cika ta da toka, ta ɗora ta a kan duwatsu uku, ta sa ƙwarya a ƙasa, ta zuba ruwa a sama. Daga nan sai ɗigar. Wannan ƙarar ita ce ƙarar gidanmu a wancan lokacin na shekara: ɗis, a jima, ɗis, tana haɗuwa da ƙarar dutsen da muke fasa ƙwallon aduwa da shi don a fitar da mai, da kukan kurciya a kan danga. Ranar kasuwa ta ba wata Bafulatana gero a ba ta kitse. Sai dafuwa, wuni guda tana juyawa, hayaƙi yana sa ta hawaye tana zagin itacen. In ya kusa, ta lakato kaɗan ta taɓa a kan harshenta, ta tofar, ta ce saura, ko ta ce ya yi. Ta mulmula shi dunƙule-dunƙule, baƙi, ta jera a faifai a inuwa. Da shi ake wanka, da shi ake wanki, da shi ake wa jariri wankan farko, da shi ake wa mai ƙuraje.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa tsallakewa. Ba ta fara aikin toka sai da tulu cike da ruwa a gefenta, ta rufe bakinsa da faifai, ko ƙishi zai kashe ka ba ka isa ka ɗiba ba. Ƙasarmu kuwa kowa ya san yadda ruwa yake. Wata rana na tambaye ta, na ce, “Kaka, wannan tulun na wane ne?” Ta ce, “Na ido ne.” Na ce, “Idon wa?” Ta ce, “Na mai yawan tambaya da leƙe-leƙe. Matsa can, ke da kai kamar ludayi.” Muka yi dariya, ban ƙara tambaya ba. Shekara da shekaru ina ganin tulun nan ana cika shi, a gama aiki ba a taɓa shi ba, sai na ɗauka camfi ne irin na tsofaffi.

A lokacin akwai mai tebur ɗaya a ƙauyen, a gindin bishiyar bedi kusa da masallaci. Teburinsa bai fi faɗin tabarma ba, amma mu a wurinmu birni ne: ashana, batir, allura da zare, bula ta wanki, man shafawa, reza, da sandunan sabulun kanti a jere kamar tubali. In Salla ta matso Inna ta ƙulle mini tsabar kuɗi ɗaya a bakin zane, in dawo da sabulu sanda guda da ashana, har ya ɗora mini alewa gyara. Sandar nan sai na riƙe ta da hannu biyu. Kafin in iso gida na shinshina ta ya fi sau goma. Kaka takan karɓa ta jujjuya, ta ce, “Ƙamshi dai akwai. Amma wannan ai baƙo ne, gobe in ya ga dama ya ƙi zuwa.” Mu ce tsohuwa tana kishi da sabulun Nasara.

Da na ci jarrabawar shiga kwaleji aka kai ni Tanout, gidan wani abokin Baba, in zauna in yi karatu. Ranar tafiya Kaka ta naɗe mini dunƙule huɗu a tsumma ta tura can ƙasan jakata. Sati na biyu a aji, yarinyar da ke zaune bayana, ’yar cikin gari, ta sunkuyo ta shinshina hijabina, ta toshe hanci, ta ce da ƙarfi, “Wai wa ya shigo mana da murhu aji?” Aka kwashe da dariya. Ba ta ma san sunana ba, na tabbata zuwa yamma ta manta. Ni ce ban manta ba. Da na koma masauki na kwance tsumman na zuba dunƙulen huɗu a masai, ɗaya bayan ɗaya, ina jin faɗuwarsu. Kuɗin karin kumallona na kwana uku na tara na sayi sabulun kanti mai ruwan hoda.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Hutun farko da na zo gida, na tarar da Kaka a kan tukunyarta, mata biyu maƙwabta suna zaune suna taya ta fasa aduwa. Ta ɗago ta gan ni da jakar littattafai, fuskarta ta washe, ta ce, “Oyoyo ’yar lakwal, ’yar boko! Naki sun ƙare ko? Ga sababbi nan na ware miki manya.” Ni kuma, da kwalejin wata uku a kaina, na ce mata a gaban matan nan, “Kaka, don Allah ki daina ba ni wannan ƙazantar. Toka da kitse ne fa. Wari yake sa mutum.” Matan suka sunkuyar da kai. Inna ta daka mini tsawa daga madafa. Kaka ta ci gaba da juyawa. Wasan jika da kaka ya halatta maganganu da yawa, ni da ita mun sha gaya wa juna abin da ya fi wannan, amma duk wanda yake wurin ya san ba wasa nake ba. Daga wannan dafuwar ta daina. Shekarar da ta biyo ta ce bayanta yana ciwo, wadda ta biyo ta ce idonta ba ya son hayaƙi. Tukunyar mai huji aka jingine ta a bayan ɗakinta, kaza ta mai da ita wurin ƙwai. Ba ni kaɗai na kashe sana’ar ba, na sani, duk ƙauyen kowa ya koma na kanti, don a lokacin yana da araha kuma ba ya cin wuni. Amma a gidanmu ni ce na faɗi maganar.

Tsadar ba rana ɗaya ta zo ba, shi ya sa ba wanda ya yi ihu. Da farko alewar gyara ce ta ɓace. Daga baya tsabar da ke sayen sabulu da ashana ta koma sabulu kaɗai. Sai aka wayi gari sandar ta rame, kuɗinta yana nan yadda yake amma an kwarfe mata baya, rami ya fito kamar cikin cokali, ka riƙe ta da hannu ɗaya har yatsunka su haɗu. Sai mai tebur ya sami zare yana raba ta biyu. Bayan wasu shekaru yana raba ta huɗu, kuma kwatar nan ita ce a kuɗin da muke sayen guda. Kwalin ashana in ka girgiza sai ka ji yana ƙara, da kuwa a cike yake ba ya motsi. Batir ya koma na kwana uku. Silifa in ya tsinke, da jefarwa ake yi, yanzu sai a sa wuƙa a wuta a liƙe, ya sake tsinkewa a ɗaure da waya. Atamfar da Baba yake yi wa Inna duk Salla ta koma shekara biyu sau ɗaya, ita ma mai zuba a wankin farko. Littafin rubutuna na riƙa matse haruffa ina cike har bangon. Abinci in ya yi tsada, damina mai kyau tana sauko da shi, mun sha gani. Waɗannan kayan kuwa ban taɓa ganin wanda ya hau ya sauko ba. Lokacin da hanyoyi suka toshe motocin kaya suka rage zuwa, aka ce mana wannan ne dalili, da hanya ta buɗe sai farashin ya zauna inda ya hau. In mata suka yi wa mai tebur ca, sai ya ɗaga hannu ya ce, “Wallahi ba ni ba ne, daga can ne. Ni ma matata da toka take wanke kwano.” Inna ta ce masa wata rana, “Malam, nan gaba sai dai ka riƙa ba mu muna shinshinawa mu biya.” Ya ce, “Hajiya, kar ki ba su shawara, za su ji.”

Na kai aji na ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, na faɗi jarrabawa, na dawo gida da niyyar in sake zama wata shekarar. A nan na ga abin da ban gani ba ina birni. Inna tana ɓoye kwatar sabulu a cikin kwalla kamar zinariya. Wanki ya koma sati biyu sau ɗaya. Gutsattsarin da suka rage sai ta tara su a tsohuwar safa ta ɗaure, da shi ake cuɗa kayan Baba na Juma’a. Ranar wani suna na ɗauko farin hijabina na ga wuyansa ya yi dauɗa, na tambayi sabulu, Inna ta ce sai jibi. Na ƙi zuwa sunan, na ce kaina ke ciwo. Da yamma Inna ta zauna kusa da ni tana tsince wake, ta ce a hankali, “Ga kara nan jibge a gona ba mai so. Da za ki sauke kai ki tambayi kakarki, da ta nuna miki. Ni ban koya ba, hannuna bai taɓa kama aikin daidai ba. Ke kuwa tana son ki.” Na ce, “Haba Inna, zamanin toka ai ya wuce. Akwai hanyar zamani.” Gaskiyar magana, ba zamani ne ya hana ni ba. In je in durƙusa gaban tsohuwar nan in ce ta koya mini abin da na kira ƙazanta a gaban mutane, shi ne na kasa.

Wata ƙawata ta turo mini hoto mai motsi a waya, wata mata tana koya yin sabulu da soda da man gyaɗa. Farkonsa matar tana ta bayani, na ga ya yi tsawo, na tsallake zuwa inda take juyawa da inda take yanka sandunan farare masu kyau. Daga baya, ina kwance, aka gaya mini abin da ke cikin wurin da na tsallake: a roba ake yi ba a dalma ba, sodar ake zubawa a ruwa kaɗan-kaɗan ba ruwa a kan soda ba, a rufe hannu, a kau da fuska. Ranar kasuwar Tanout na sayar da ’yar kazata na je rumfar mai sayar da ita. Ya auna mini a leda ya ƙulle, ba takarda ba rubutu. Ya dube ni ya ce, “’Yan mata, kin dai iya ko? Wannan ba gishiri ba ne.” Na ce, “Na yi karatu, Malam, na san ko mene ne.” Ya ce, “To, Allah ya ba da sa’a.” Niyyata in yi shi a ɓoye, in ya daskare in yanka in jera a faifai in kawo tsakar gida, Kaka ta gani.

To, ga ni a bayan rumbu da hannu a kan ido. Zafin ba irin na barkono ba ne, ji na yi kamar ana tura ƙusa mai wuta tana shiga a hankali. Kuma abin da ya fi ba ni kunya a duk labarin nan shi ne wannan: ban yi ihu ba. Na ciji leɓena, na lallaɓa ta bayan danga na shige ɗakin Inna, na dunƙule bakin hijabi ina murza idon, ina cewa a raina yanzu zai daina, kar kowa ya sani. Idona yana ci, ni kuwa tunanina yana kan tukunyar Inna da na ɓata da abin da za a ce.

Kaka a lokacin ba ta fita ko ƙofar gida, da sanda take zuwa bayan gida, ganinta ma ya ragu. Amma hancinta yana nan. Na ji muryarta daga tsakar gida: “Wa ke dafa toka a gidan nan?” Na ƙara lafewa a ɗakin. Na ji sandarta, ƙwas, ƙwas, ta nufi bayan rumbu, ta tsaya, sai kuma ta juyo da saurin da ban san tana da shi ba. Ta ɗaga labule. “Ke! Ina ya taɓa ki?” Na ce, “Ba komai, Kaka, ƙwaro ne ya...” Ta fizge hannuna daga fuskata, ta kawo fuskarta dab da tawa, ta ce, “Innā lillāhi. Fito. Fito, don ubanki!” Ba ta taɓa zagina da gaske ba sai ran nan.

Ta ja ni har gindin randa, ta zube a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da kaina a cinyarta ta karkata shi gefen hagu. Ta sa yatsu biyu ta buɗe fatar idon da ƙarfi, ta ɗebo ruwa da moɗa ta soma zubawa, siriri, ba yankewa. A nan ne na yi ihun. Ina fizge-fizge ina cewa ta bar ni, ta danne goshina da gwiwar hannunta ta ce, “Yi ta ihu, ihu ba ya makanta mutum. Juya ƙwayar. Dubi sama. Dubi hancinki.” Ihun ya tara maƙwabta. Wata mai jego ta matso tana kwance zane ta ce a bari ta tatsa mini nono a ciki, shi ne maganin ido. Wata ta ce a kawo man shanu. Kaka ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, “Kowa ya riƙe maganinsa. Wadda take son taimako ta kawo ruwa.” Ruwan randarmu dama bai kai rabi ba, ya ƙare. Matan suka bazama, wannan ta kawo buta, wannan ta kawo sauran na girkinta a tasa. Ana cikin haka Inna ta shigo da jaki da jarka biyu, ruwan da ta tsaya wa layi tun fitowar rana, na sha da girki na kwana biyu. Kaka ta ce, “Kwance su.” Duka biyun a idona suka ƙare. Tsakar gidanmu ta zama taɓo, zanen Kaka ya jiƙe sharkaf, ta gaji liƙis, amma in wata ta ce za ta karɓe ta sai ta ce a’a, a dai cika mata moɗar. Wata ta ce, “Iya, ai ya isa haka.” Ta ce, “Ruwan toka ba ya gajiya da ci. Mu ma ba za mu gaji ba.” Ina kwance ruwa yana shiga kunnena, sai tulun nan ya faɗo mini a rai, mai rufi da faifai. Na ido ne.

Aka kira Kawu, ƙanen Inna, ya zo da babur. Aka sa ni a tsakiya, Inna a baya da buta, don Kaka ta ce ko a hanya kar a bar idon ya bushe. Da za mu tashi na waiwaya wajen Kaka. Ita kuma tana zaune a cikin taɓon ta kasa tashi, mata biyu suna ɗaga ta.

A asibitin Tanout aka sake wankewa, likitan ido ya ɗiga wani abu, ya haska da ’yar fitila ya daɗe yana dubawa. Da ya rufe idon dama ya ce in faɗi yatsunsa nawa, ban ga yatsu ba, hazo fari kawai na gani da inuwa tana motsi. Na ce, “Likita, zai warke?” Ya ce, “Ba zan yi miki ƙarya ba. Soda takan ci gaba da aiki a ciki bayan an ga kamar ta tsaya. Sai nan da kwana biyar zan iya cewa wani abu. In bai yi kyau ba, sai babban asibitin Damagaram.” Ya sa magani ya naɗe.

Kwana biyar ɗin nan ban san yadda zan kwatanta su ba. In na rufe na daman sai in ce haka zan zauna ke nan. Na riƙa tuna littattafaina, da jarrabawar da nake cewa zan sake, da yadda za a riƙa nuna ni a ƙauye ana cewa ga wadda karatu ya tsiyayar wa ido. ’Yan dubiya in sun tambaya, Inna sai ta ce tsautsayi ne wajen aiki, ta rufa mini asiri, wannan kuma ya fi zagi ciwo. Matar da ke gadon kusa da nawa, wata dattijuwa daga wajen Gangara da aka yi wa aikin yanar ido, ita ce ba ta san rufa-rufa ba. Tana da ’yar kwatar sabulu da take yankowa da reza kamar goro, ta mai da sauran ƙarƙashin matashi. Da ta ji labarina ta tafa hannu ta ce, “Ikon Allah! A da, sabulu ido yake shiga ya yi yaji a wanke. Yanzu tun ba a yi shi ba yake cin ido. ’Yata, ba ku da tsohuwa a gida ne?” Na ce muna da ita. Ta ce, “Ta mutu ne?” Na ce tana nan da ranta. Ta kalle ni da idonta ɗaya, ta ce, “To.” Na juya fuskata bango.

Rana ta huɗu Inna ta koma ƙauye ta dubo gida, ta dawo da safiyar ta biyar da ƙullin kaya. Wajen ƙarfe goma likita ya kira mu. Ya warware naɗin a hankali. Haske ya soke ni, hawaye ya zubo, na ƙifta, na sake ƙiftawa. Sai na ga taga. Na ga ƙarafunta guda-guda, na ga wata akuya a waje tana cin takarda. Ya rufe mini na dama da tafin hannunsa ya nuna allon haruffa a bango. Na karanta layin farko, na biyu, na uku, a na huɗu na fara kuskure. Ya sake haskawa ya daɗe, sannan ya kashe fitilar ya jingina da kujera.

Ya ce, “Alhamdu lillahi. Idonki ya tsira. Akwai ɗan tabo a gefe, bai hau kan gani ba, sauran hazon zai washe. Ba sai kun je Damagaram ba.” Inna ta zame daga kan benci ta yi sujada a kan simintin. Ya ce, “Wa ya wanke idon nan kafin ku zo?” Na ce, “Kakata.” Ya ce, “Da ruwa nawa?” Inna ta ce, “Jarka biyu da rabin randa, da na maƙwabta.” Ya girgiza kai ya ce, “Irin wannan yakan zo mana an sa masa nono ko mai, an naɗe da tsumma, sai dai mu ba da haƙuri. Ba ni na ceci idon nan ba. Kakar taki ma’aikaciyar asibiti ce a da?” Inna ce ta amsa, ta ce, “Sabulu take yi.”

Ya rubuta mana maganin ɗigawa, ya ce sau huɗu a rana, kuma kafin in taɓa idon kowane lokaci in wanke hannu da sabulu sosai, kar in yi wasa da wannan. Muka fito baranda inda aka ajiye bokiti mai famfo. Lokacin ɗigawar farko ya yi. Na ce, “Inna, sauran kwatar sabulunmu tana nan?” Ta ce ta ƙare tun shekaranjiya. Ta kwance ƙullin da ta zo da shi ta ciro wani abu a tsumma ta miƙo mini.

Dunƙule ɗaya ne, ƙarami, bai kai rabin waɗanda na sani ba, bai ma gama bushewa ba. Bai mulmulu da kyau ba, ga shatar yatsu nan a jikinsa inda hannun ya kasa matsewa. Inna ta ce, “Tun ranar da muka taho kakarki ta kori kazar daga tukunya. Maƙwabta suka kwaso mata kara. An hana ta, ta ce a rabu da ita. Kwana uku tana zaune a gaban wuta.” Na ce, “Ta ce a gaya mini wani abu?” Inna ta ce, “Cewa ta yi in ba ki so, in dawo mata da abinta, kar ki jefa a masai.”

Ban taɓa gaya wa kowa zancen masai ba. Ko mai masaukina ce ta gani ta faɗa, ko tsohuwar ce kawai ta san jikarta, ban sani ba. Barandar cike take da mutane, har da ’yan mata biyu masu kayan lise sun zo dubiya. Na tsuguna a gaban bokitin na jiƙa hannuna na murza. Kumfar ta fito ruwan ƙasa-ƙasa, warin hayaƙin kara da kitse ya tashi, ɗaya daga cikin ’yan matan ta waiwayo. Na kai hannuwan biyu hancina na shaƙa, na daɗe a haka, ido biyun duka suna zuba.